Ranar da Jitata ta Tona Mini Asiri a Cadawa

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba ya yi mini, shekarun nan da aka buɗe ƙofar jam'iyyu kowa ya zama ɗan siyasa. Lokacin ni ke kaɗa jita a wani ɗan orkes namu na Gazawa, wato ƙungiyar makaɗa. Lakol, wato karatun boko, ban yi nisa ba, noma ba na so, jitar nan ita ce kaɗai abin da na iya. Wani Alhaji mai fataucin wake da ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, ya ɗauke mu, ya sayo ampili mai ƙara sauti da lasifika, ya ce duk inda ya sa ƙafa a kamfe muna bayansa. Karo na farko kenan da aka fara kirana da sunana a gidanmu maimakon “wancan”.

Matsala ɗaya ce. Da an tayar da injin wuta sai jitata ta kama gurnani, zzzzz, kamar an tsokano amya. Alhaji ya ce, “Mai jita, ko ka raba ni da ƙudan zuman nan ko in raba ka da ampilina.”

Laifin na mikoro ne, wato ɗan maganaɗisun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta. Nawa mai naɗi ɗaya ne. Aka ce in nemi hambaka, mai naɗi biyu, in sa shi daf da jaki, inda tsirkiyoyi ke ɗaure, shi ke kashe gurnani. Wani ɗan Katsina mai kawo tsofaffin kayan rediyo ranar kasuwa ya zo mini da guda biyu. Ɗaya baƙi ne, mummuna, duk kaki ya daskare a jikinsa. Ɗayan mai murfin ƙarfe, yana sheƙi har kana ganin haƙoranka.

Muka haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙwanƙwasa baƙin da farce, shiru. Na ƙwanƙwasa mai sheƙin, sai lasifika ta amsa, ƙwas! ƙwas! Na dubi Idi mai ganga na ce, “Ka ji mai rai. Wancan gawa ce.”

Idi ya ce, “Kai ne masani.” (Idi bai taɓa yi mini gardama ba sai bayan abu ya lalace.)

Sai daga baya na san kakin nan ba datti ba ne. Shi ke riƙe siraran wayoyin ciki kada su yi rawa. Wanda ba shi da kaki, ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, duk abin da ya motsa kusa da shi sai ya ɗauka. Ni kuwa na sa mai sheƙin nan nawa, gurnani ya mutu, na riƙa tafiya a gari ƙirji gaba.

Aka kira babban taro a Cadawa bayan la'asar. Mutane maƙil, har da masu shanu da suka tsaya daga gefe da sandunansu. An yanka sa, mun ci mun yi nak. Muka kaɗa, mata suka yi guɗa, Alhaji ya yi jawabi, ya yi alkawarin rijiya, ya yi alkawarin hanya, saura kaɗan ya yi alkawarin damina. Daga nan aka ce liman ya rufe da addu'a. Aka miƙa wa liman abin magana, mu kuma muka zauna kan benci. Ni na bar jitata a buɗe har ƙarshe, don da an shafa in zabura da kiɗa.

Kowa ya ɗaga hannu, fili ya yi tsit. Na ɗora jita kan cinya, na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, bakina ya zo daidai kan ƙarfen nan. Liman ya ce Allah ya ba Alhaji nasara, ya tsaya jan numfashi. Ni kuma na ce wa Idi ƙasa-ƙasa, “Nasarar me? Mu dai mu ci namansa. Ranar zaɓe wancan ɗan takarar zan jefa wa, wannan ko sunansa bai iya rubutawa.”

Sai na ji wata ƙatuwar murya ta faɗi haka daga saman itacen bedi, inda aka rataye lasifika. Wallahi ban gane tawa ba ce. Ban taɓa jin kaina da girma haka ba. Kaina na sunkuye na ce, “Wane ɗan iska ne wannan?”

Itacen bedi ya ce, “Wane ɗan iska ne wannan?”

Na ɗago. Hannuwa duk suna sama, amma idanu duk suna kaina. Liman baki buɗe. Idi ya ja jikinsa can ƙarshen benci yana kallon sama kamar bai taɓa ganina ba. Na kai hannu in kashe, na bugi tsirkiya, jita ta saki wata ƙara da ta sa jakai suka amsa daga bakin kasuwa. Wani jandarma da aka turo tsaro ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na so Alhaji ya zage ni. Na so ya mare ni ma, a wuce wurin. Bai yi ba. Ya shafa addu'arsa a natse, ya karɓi abin magana daga hannun liman ya ce, “Jama'a, ai dimokuraɗiyyar kenan, kowa da bakinsa. A ƙaro wa mai jita nama, tunda shi ya zo ci.”

Kuma aka kawo! Kwano guda, aka ajiye gabana, taro na kallo. Ban san in ci ba, ban san in bari ba. (Na ci. Kada ku tambaye ni dalili, hannuna ne ya tafi da kansa.)

A ranar aka kwance ampili aka sa a motar Alhaji, ni na koma Gazawa a bayan amalanke rungume da jita. Na je wurin mutanen wancan ɗan takarar ina tsammanin za su karɓe ni da hannu biyu, sai shugabansu ya ce, “Mu ma muna da nama, muna kuma da liman. Je ka abinka.”

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ranar zaɓe na shiga bayan labule ni kaɗai, kunya ta kama ni, na jefa wa Alhaji. Har yau ba wanda ya yarda, ko matata. Maganar da na yi a ɓoye duk Cadawa ta ji, alherin da na yi a ɓoye kuwa ba ni da shaida ko ɗaya. Tun daga nan in ana addu'a, amin kawai nake cewa, kaina a miƙe.