Filin Jirgin Kumandan Alkasim

Duk ƙasar Tessaoua babu wanda ya san sama kamar Kumandan Alkasim na Hawandawaki. Allah ya yi wa garin baiwa da ya dawo musu da shi daga Yamai, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tura wa jirage matakala. Bai taɓa hawa ba, amma wa ya fi shi sanin ƙofar jirgi? Mutanen gari suka laƙaba masa Kumandan, ya amsa da hannu biyu.

Da la'asar yakan harɗe a kan tabarma ya ba jahilai tarihi. Kamfaninsu da fari Air Gulbi ne. Da ya durƙushe aka haɗa shi da wani mai jirgi ɗaya, aka koma Gulbi-Azbin. Da wannan ma ya kwanta aka sake fenti, aka raɗa masa Sahel Nouvelle, aka sallami Kumandan da godiya.

"Ku ba ku gane ba," in ji shi. "Kamfanin jirgi ba ya mutuwa, fusion yake yi, wato haɗewa da wani. Duk sunan da aka sake, sai da aka ji ta bakina."

Bara ya ji a rediyo an sake haɗa gawar kamfanin da wata gawa, kuma sabon kamfanin zai riƙa zuwa jihohi. Nan take basira ta sauko masa. Jirgi dai fili yake so, ga kuwa gonar gado shimfiɗe, ita kaɗai ke ciyar da gidansa. Ya sa aka sare gawon da ke tsakiyarta, aka tumɓuke sabara, ya jera duwatsu ya shafa musu farar ƙasa.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da iri. Matarsa Hafiza ta biyo shi da ƙwaryar gero har bakin gona.

"Malam, ko gefe guda a bari mu shibka. Rumbu ya kusa ƙasa."

"A kan piste, hanyar jirgi? Hafiza, kina da hankali? Ranar da jirgi ya sabka, shinkafa za ki ci da cokali."

Haka ya yi damina yana noman da ba a taɓa gani ba. Duk abin da ya tsiro sai ya cire, har waken da Hafiza ta saci jiki ta binne. In ya ji rugugi ya fito da gudu yana ɗaga hannu, sai a iske hadari ne. Abin dariya, abin tausayi, yaransa kuwa sai ramewa suke.

Gero bai nuna ba rediyo ta ce sabon kamfanin ya bi 'yan'uwansa, ya durƙushe. Kumandan ya ce wannan alama ce mai kyau, babbar fusion na tafe.

Da kaka ta yi, matan gari suka duba, babu wuri mai tsabta kamar filin Kumandan, suka kwaso turame da damman gero. Cikinsu har da Hafiza, tana sussukar hatsin mutane a gonar mijinta, don a auna mata tiya guda ta kai wa yara.

Kumandan ya tsaya a bakin fili, hannu a baya, ya dubi layin jakuna da ƙurar ƙaiƙayi, ya gyaɗa kai.

"Kun gani ko? Trafic ya soma, ga zirga-zirga nan."