Yadda Dakta Boscolo Ya Rabu da Sunan Sardela

Allah ya yi wa garinmu baiwa biyu: teku da Dakta Gualtiero Boscolo. Tekun ya riga shi zuwa, amma in ka saurari Dakta sai ka ɗauka shi ya ba shi masauki.

Shi ne shugaban ofishin hasashen ruwa. A can cikin teku akwai na'urori masu iyo da ke auna iska da tashin ruwa, su aika wa kwamfuta, ita kuma ta faɗi ranar da ruwa zai hau titi. Sai a busa jiniya, ma'aikatan gari su shimfiɗa katakan takawa, kowa ya jawo dogon takalminsa na roba. Aikin ke nan, kuma masu yinsa suna yi. Rabon Dakta shi ne sa hannu da hira da 'yan jarida.

"Ni da tekun Adriyatik mun san juna," in ji shi. "Ko tari zai yi, sai na riga shi sani."

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Rabin mutanen garin nan sunan zuriyarsu Boscolo ne, shi ya sa kowane gida ke da laƙabinsa, ana gadonsa, har a katin shaida yana nan. Na gidansu Sardela ne, ɗan kifin nan da muke soyawa da albasa. Mutum da digiri uku da gyararren gemu, ya ratsa kasuwar kifi, sai ka ji an ƙwala, "Sardela! Yau za mu jiƙe ne?" Wallahi har tausayi yake ba ni. Duk burinsa a duniya ya yar da wannan suna, a koma kiransa Sarkin Teku.

Da farko ya sa aka yi manhajar waya mai faɗin hasashe, da hotonsa a gaba sanye da hular matuƙan jirgi, shi da ko kwalekwale ya hau sai ya yi amai. Ya bi mu shago-shago sai da kowa ya sa ta a wayarsa, har tsofaffin da ba sa ganin rubutu. Sunan bai canza ba. Sai ya sa aka sassaƙa allon dutse a bakin gaɓa, an rubuta "Sarkin Teku" da manyan baƙaƙe, ya gayyaci magajin gari da limamin coci da masu busa algaita irin tamu, ranar Asabar da tsakar rana.

Da safiyar Asabar mataimakiyarsa Ombretta ta same shi gaban madubi.

"Ranka ya daɗe, iskar kudu ta taso, ga wata ya cika. Da tsakar rana ruwa zai kai gwiwa a bakin gaɓa. A busa jiniya?"

"Jiniya? A ranar bikina? Ki kora min baƙi gida?"

"To a ɗaga bikin zuwa gobe mana."

"Yarinya, hasashe ba ya zama hasashe sai na sa hannu. Ruwan ya jira na gama jawabi."

Girman kai rawanin tsiya. Jiniya kam sai da izininsa, ba a busa ba, ba a kuma shimfiɗa katako ko ɗaya ba. Abin da ya manta shi ne manhajar ba ta neman izinin kowa. Tun da hantsi wayoyin gari suka yi ƙara, ga fuskar Dakta tana murmushi, ga rubutu a ƙarƙashinta: ku sa takalmin roba.

Muka sa, muka zo. Magajin gari da nasa, limamin coci da nasa a ƙarƙashin doguwar riga. Mutum ɗaya ne a filin da takalmin fata ɗan Milano, yana ta sheƙi a kan dandamali. Dakta ya dubi cincirindon jama'a ya ji daɗi, ƙasa kuwa bai duba ba, don manya ba sa kallon ƙafar mutane.

"Jama'a! Kakanninmu sun ji tsoron teku. Ni kuwa na sa masa linzami!"

Ruwa ya fara ɓulɓulowa daga magudanai.

"Daga yau, ba ɗigon da zai taka garin nan ban ba shi takarda ba!"

Ruwa ya shanye ƙafar dandamali. Kujerar magajin gari ta tashi ta kama hanyar coci, ba wanda ya tsayar da ita. Da aka yaye ƙyalle daga kan allon, "Sarkin" kaɗai ake gani, sauran ya koma wurin mai shi. Muka tafa, don tsakani da Allah ba mu taɓa ganin hasashe ya faɗa daidai haka ba.

Taro ya watse, kowa na tafiya caɓal-caɓal. Dakta ya rage shi kaɗai a kan ɗan tsibirinsa na katako, yana duban takalminsa yana duban ruwa. Sai ga Nives, tsohuwa mai sayar da kifi, wadda ta goya shi yana jariri, ta turo baron da take ɗaukar kaya.

"Hau, ɗan nan."

"Inna, ni fa shugaban ofis ne!"

"Na sani. Naɗe ƙafa, kar ka zauna min a kan ƙaguwa."

Haka ta tura shi tun daga bakin gaɓa har ƙofar ofishinsa, ta tsakiyar kasuwar kifi, ya rungume takalma a ƙirji, masu busa na biye da su tunda an riga an gayyace su.

A gaskiya dai Allah ya karɓi addu'arsa. Tun ranar ba wanda ya ƙara ce masa Sardela. Jiya ma na ji ana tambayar jikarsa a shagon burodi 'yar wane gida ce. Ta ce Boscolo.

"Wane Boscolon?"

"Na-Baro."