Wurin Sitti Guda Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ƙunshin ƙanwata Zainabu, a gidanmu na Bani Malik, shekarar da na gama makarantar addini. Lokacin ina da shekara goma sha tara, da gemu ƙwaya shida (na ƙirga), kuma a ganina duk Jidda babu malami sai ni.

Kakarmu, da muke kira Sitti, da ƙafa ta zo Hajji daga ƙasar Hausa, shekara bakwai a hanya. Tana da wata 'yar jakar fata mai farin wuri guda huɗu. Duk Juma'a takan zazzage su a tafin hannu tana motsa baki. Ni kuwa na yanke hukunci: duba ne, irin na matan da ke watsa wuri a bakin kasuwa. Ban tambaye ta ba. Malami zai yi tambaya?

Ana gobe ƙunshi na ɗauke jakar, na bi motar wani abokina zuwa Abhur, na cilla ta cikin teku har da kabbara.

Washegari gida ya cika da mata. Sitti ta shiga birkita akwati, ta ce amarya ba za ta fita ba sai ta riƙe wurin nan, kamar yadda uwarmu ta riƙe. Sai ga ni a bakin ƙofa, na gyara murya, na sanar da jama'a cewa shi ke nan, na raba gidanmu da shirka. Wallahi har jira nake a sa mini albarka.

Sitti ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa.

"Mijina," ta ce, don haka take tsokanata tun ina rarrafe, "ba duba nake yi ba. Kakanka ne da 'ya'yana uku. A hanya na binne su, ban san inda kaburburansu suke ba. A bakin ruwan Sawakin, inda muka jira jirgin ƙetarowa, na tsinci wuri ɗaya ɗaya, don in riƙa tuna wa zan yi wa addu'a."

Ta ambaci sunayensu, tana lanƙwasa yatsu a tafin da babu komai. Zainabu ta fashe da kuka, lalle duk ya ɓaci. Ni ko na rasa inda zan sa gemuna.

Na koma Abhur na wuni ina lalube cikin ruwa kamar mahaukaci. Na kawo mata wasu huɗu, sun ma fi nata kyau. Ta juya su, ta ce an gode Ustazu, amma waɗannan ba su san kowa ba.

Ta yi shekara biyu bayan haka. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, sai dai har ta rasu Ustazu take ce mini, ba ta sake cewa mijina ba.

Tun daga nan, in na ga tsoho riƙe da abin da ban gane ba, tambaya nake fara yi kafin wa'azi. Wurin nan huɗu da na tsinto suna aljihuna. Na ƙara na biyar, na Sitti.