Yaƙin Janar da Dorina

Wani ne a Wara, yana da gonar shinkafa a bakin ruwa, dorina ta sa masa ita gaba. Shi kuwa ba ya da aiki sai manna rediyo a kunne yana jin tarihin yaƙoƙin duniya, har mutanen gari suka laƙa masa Janar.

Matarsa Jamilatu ta ce, "Malam, dorina hwa na cin abincinmu. Ka tara mutane a kore ta."

Ya ce, "Ke ba ki san tarihi ba. Sarkin yaƙin Faransa ya afka wa Rasha, sanyi ya riske shi can, rundunarsa ta ƙare ƙaf. Ni ba ni yaƙi da sanyi."

Ai kuwa ya ja bargo. Kafin zafi ya shigo, dorina ta share rabin gona. Wallahi mutumin nan haushi yake ba ni!

Sannan ya tashi ya sari itace da ƙaya, ya shiga kewaye gona da shinge gabas da yamma, kudu da arewa. Maƙwabcinsa Ladan ya leƙo ya ce, "Janar, ina ƙofa?"

"Ƙofa? Faransawa sun gina katanga suka bar gefe ɗaya, Jamusawa suka zagayo suka cinye su. Ko ɓera ban bar ma hanya ba."

"To kai ta ina za ka hita?"

"Soja ba ya tunanin gudu."

Daga ciki ya ɗaure itacen ƙarshe, ya karkaɗe hannu. Juyawar da zai yi, sai ga kunnuwa biyu sun ɓullo daga kududdufin tsakiyar gona. Ashe tun safe baiwar Allah tana ciki tana shan sanyi!

Ta yi hamma ɗaya. Janar bai san lokacin da ya kai ƙololuwar wata bishiyar kanya da ke cikin gonar ba, takalmi a ƙasa, rediyo a laka.

Masunta suka taho da gatura za su ɓalle shinge. Janar ya ƙwala ihu daga sama: "Kar wanda ya taɓa! Na yi mata ƙawanya! Haka aka ci manyan birane. Yunwa za ta sa ta miƙa wuya!"

Jamilatu ta dubi dorina tana kwasar shinkafa baki cike, ta ɗaga kai ta ce, "To ita ga abin da taka ci. Kai Janar, mi kaka ci nan sama?"