Yaƙi da Kabon Malam Jibo

Jiya Talata, tun da sassafe na shiga layin mai a hanyar Tsafe, ni da tsohon babur ɗina. Sai da rana ta take, saura mutum huɗu a zo kaina, mai gidan man ya fito yana sakace ya ce famfo ya ƙafe. Ƙafewar kuwa ta zamani ce, don muna tsaye motoci uku masu baƙin gilashi suka zagaya ta baya, suka sha suka ƙoshi, suka bule mu da hayaƙi. Na tambayi wani ɗan kabu-kabu ko na wane ne, ya ce na Kwamitin Yaƙi da Kabon ne. Na ce madalla, ai mayaƙi ba ya fita da yunwa. Na kama turin abina zuwa cikin Gusau.

Ga wanda labari bai iske ba: an ce manyan ƙasashe sun gano cewa hayaƙin motoci da masana'antu, wanda suke kira kabon, shi ke ƙara wa duniya zafi. Sai wasu masu tausayi can ƙetare suka aiko wa ƙananan hukumomi tallafi don a rage shi. Tamu hukumar, wadda ba zan faɗi sunanta ba don ina son ci gaba da kwana a ɗakina, shekara uku tana rantsuwa ba ta da kuɗin gyaran rijiyar burtsatse guda ɗaya. Amma da ta ji ƙamshin tallafi, kafin la'asar ta haifi kwamiti mai mutum goma sha bakwai, ƙarƙashin Mai Girma Garkuwan Iska, Dodon Hayaƙi, Allah ya ƙara masa sanyin ofis.

Matsalar guda ce: a cikinsu ba wanda ya san mene ne kabon, babba kuma ba ya tambaya. 'Yan kabu-kabu har sun kwana biyu a ɓoye, sun zaci da su ake. Ana cikin kallon-kallo wani tsohon akawu ya ja durowa, ya zaro baƙar takardar nan da ake sawa tsakanin farare idan ana son kwafi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga shi nan." Aka tafa, aka rufe taro da addu'a, aka raba alawus.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kurar a nan ita ce maƙwabcina Malam Jibo, mutumin Furfuri, wanda ya shekara ashirin yana buga wa jama'a takardun koke da na neman aiki a gindin dalbejiya, bakin sakatariya. Da tafiretarsa yake ciyar da baki tara. Mako biyu ke nan da aka dira a kansa, aka kwashe kwalin kabon ɗinsa, aka haɗa da tafiretar a matsayin makamin aikata laifi.

Da na je jaje na iske shi zaune a zaure, yatsunsa suna ta motsi a kan gwiwa kamar yana buga tafireta.

"Malam Jibo, me suka ce ka yi?"

"Wai ni ad da alhakin zahin wanga gari. Nic ce musu, ku ji tsoron Allah, takarda ta hwa! Ko kyandir ba ni kunnawa."

"To, ba ka kai kuka ba?"

"Na kai. Sunka ce in rubuto koke, bugagge, kwahi ukku."

Na yi dariya, na kuma ji kunyar dariyar, don a ranar matarsa Wasila ta aiko gidana neman aron dawa, abin da ba ta taɓa yi ba. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai.

Ranar Asabar aka yi bikin cin nasara. Aka kafa rumfuna, aka kunna janareta biyu saboda lasifika, aka tara duk kabon da aka kama a tsakiyar fili. Da ya ƙi ci da wuri, aka ɗora masa tsofaffin tayu huɗu, aka tuttula fetur jarka guda, fetur ɗin da ni da ku muke kwana muna mafarkinsa. Hayaƙi ya turnuƙe, wanda ke kan dutsen Kwatarkwashi ma ya isa ya ba da shaida. Mai Girma ya miƙe yana tari, hawaye na zuba, ya sanar cewa daga yau iskarmu ta tsarkaka. Jarumi ke nan! Wa ya taɓa ganin an kashe maciji an kuma ƙone ramin?

To, jiya da na iso unguwa da turin babur, gumi har cikin takalmi, sai ga motocin nan uku a ƙofar gidan Malam Jibo. Ashe masu tallafi sun ce ba za a ga kashi na biyu ba sai an aika musu rahoto, kwafi biyar, kafin Juma'a. Duk sakatariya kuwa ba a bar ko ƙyallen kabon ba. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta: sakataren kwamiti, wani Lukuman, da kansa ya rungumo tafiretar, yana ta "Baba Jibo, ai mu ɗiyanka muke."

Malam Jibo ya shiga ɗaki, ya ɗaga katifa, ya fito da sabon kabon da ya tsira daga yaƙi. Ya jera, ya buga abin da aka karanto masa: an dasa itace dubu goma, an raba wa mata murhu mai rage hayaƙi dubu biyu, kabon ya ragu da kashi ɗari bisa ɗari. Ya miƙa musu kwafinsu biyar. Lukuman ya sa hannu zai ɗauki tafireta, wai har yanzu shaida ce a gaban kwamiti.

Sai Malam Jibo ya zare kabon na sama, ya ɗaga shi saitin rana. Ga rahoton nan kaf a jikinsa, harafi bayan harafi, har da itacen da ko akuya ba ta taɓa gani ba.

"Ɗauki abinka, ɗana," in ji shi. "Amma in ta tai, wagga takarda ma tahiya za ta yi, masu tallahi su ga irin kabon da kunka ce kun gama da shi. Na san adireshin, ni nib buga shi ga ambulan."

Lukuman ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Yau da safe na wuce gindin dalbejiya na ji ƙaf-ƙaf-ƙaf, Wasila kuma ta maido mini da dawata har da ƙari.

Don haka na janye zargin jahilci da na yi wa manyanmu, ina neman afuwa. Sun san abin da suke yaƙa. Duk sakatariyar nan, kabon ne kaɗai ma'aikacin da ba ya manta abin da aka rubuta.

Af, kafin in manta: wata biyu ke nan babur ɗina bai fitar da hayaƙi ko na sigari ba. Idan kashi na biyu ya iso, a tuna da mu da muka riga kwamiti cin nasara, da ƙafa.