Rasuwar Uwar Ɗaki, Rautar Cibiyarmu ta Kankiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Sharafaddeen Ɗanmaliki, mai kula da na'urorin wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a Kankiya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rautarmu, na'urar da ke raba mana intanet, wadda muke kira Uwar Ɗaki. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, bayan shekara takwas a bakin aiki, saura kwana biyu ɗalibai ɗari da tamanin su zauna jarrabawa ta hanyarta.

Marigayiya mai aljihu shida ce, kowane aljihu da katin da ake zura masa. Kati ɗaya shi ne ƙwaƙwalwarta, sauran kuma su ke raba intanet ga kwamfutocin cibiya da makarantun Kusada, Yashe da Mawashi. Ba ta da ƙorafi. Iyakar abin da muka ji daga bakinta shi ne "fuuu" na fanka, da "tit" guda idan an zura mata sabon kati.

Ciwon ajalinta ni na jawo shi, kuma gara in faɗa da bakina. Duk saitin da aka yi wa irin wannan na'ura a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zama. Sai an ba ta umarnin adanawa yake shiga fayil ɗin da za ta tashi da shi idan wuta ta ɗauke. Shekara uku ina ƙara mata adireshi, ina buɗe wannan hanya ina toshe waccan, ban adana ba ko sau ɗaya. Sola da batir ba su taɓa barin ta ba wuta ba, sai na sakankance.

Ranar Alhamis Ummaru mai gyaran sola ya zo canja batir. Ya ce minti ɗaya kawai zai kashe wuta, na ce masa bismillah. Sai da fanka ta yi shiru na tuna.

Ta farfaɗo, amma ba ta gane kowa ba. Cikin ruɗewa na kashe ta na sake kunnawa. Ta yi "tit, tit, tit", fitilarta ta koma ja, katin ƙwaƙwalwa ya cika a gabana.

Shugabar cibiya, Hajiya Jannat, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Sharafaddeen, ka aje kwafi ko ba ka aje ba?"

Na ce mata ban aje ba.

"Asabar ƙarfe tara 'ya'yan mutane za su shigo nan. In aka soke mu, kowanensu ya yi asarar shekara."

Ranar Juma'a aka kawo sabon kati daga Kano, fayau, ba komai a cikinsa. Na kira duk wanda ya taɓa aiki da ni. Rauda, wadda ta bar mu ta koma koyarwa a Kusada, ta ce kafin ta tafi ta kwafe saitin a filash, shekara biyu ke nan, sai dai ba ta san inda yake ba. Da la'asar ta iso a kan babur, ta same shi a jakar takardunta. Muka ɗora fayil ɗin, rabin kwamfutocin ɗakin suka tashi. Sauran sai da hannu, layi bayan layi, ina tunowa tana bugawa. Ranar Asabar, tara saura minti goma sha biyu, ɗalibai na jere a waje, sahun kwamfutoci na ƙarshe ya kama. Kafin in miƙe na buga umarnin adanawa, na kuma kwafe a filash biyu. An yi jarrabawa.

Marigayiya ta bar katuna biyar, da fanka ɗaya, da eriyar Kusada da ta Yashe, duk suna cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar makarantar Mawashi, wadda har yau ba ta da intanet, domin bara na haɗa ta, kuma saitinta a ƙwaƙwalwar marigayiya kaɗai yake.

An naɗe gawar, wato katin ƙwaƙwalwar, a ledarta, za a sa ta a akwatin ƙarfe gobe Litinin bayan azahar. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin na'urori na kwana uku. Ba a buƙatar kawo abinci. Malaman Mawashi dai muna roƙon su zo da kwamfutar ofishin shugaban makaranta, ko Allah zai sa adireshin intanet ɗinsu yana nan a cikinta.