Rasuwar Usaina, Mai Busar da Tufafin Gidan Wada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai ciwo, Wada Habu, dillalin masara a Tudun Wada, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da masu dariya, rasuwar na'urarsa ta busar da tufafi, wadda gida ke kira Usaina. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar daminar 1996, cikin ɗakin maigidan, inda take har yanzu don ta fi ƙarfin ƙofa.

Marigayiya ta zo garin nan tare da 'yar uwar tagwaicinta Hassana, mai wanki, a bayan a-kori-kura daga Kaduna. Bature, ƙanen Wada, direban wani injiniya ne. Da ubangidansa zai koma ƙasarsu ya bar masa su, shi kuma ya kawo wa yayansa. Ɗakin Wada kaɗai ke da daɓen siminti da wayar lantarki. Ƙofa ta ƙi su, aka fasa bango aka shigar da su, aka mai da gini, aka fitar da gado. Tun ranar Wada ke kwana a tabarma, ƙafafu a naɗe.

Usaina mai hankali ce. Ba a faɗa mata lokaci. Akwai wani abu a cikinta mai jin laima kamar tafin hannun tsohuwa. In riga ta bushe sai ta tsaya da kanta ta ce fit, fit, fit. Ba ta taɓa ƙone hula ba, ba ta taɓa bari akuya ta tauna zane ba, ba ta kuma taɓa nuna wa maƙwabta inda wandon maigida ya yage ba.

Ciwon ajalinta gajere ne. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, sabuwar masara ta fara fumfuna a buhu. Wada ya yi lissafi cewa abin da ya busar da babbar riga ba zai gaza da ƙwayar masara ba, kuma har gobe bai ga kuskure a lissafin ba. Ya zuba mata kwano biyu. Ita kuwa ba ta ƙarya. Tana jin laima a cikin ƙwaya, ta ƙi tsayawa. Ƙwar, ƙwar, ƙwar, take juyi, ƙwayoyi na shiga mata hanci, har ƙauri ya kai zaure. Maganarta ta ƙarshe ita ce tas, tas, bum.

Ta bar Hassana, wadda ke ci gaba da wanki tana tara jiƙaƙƙun kaya, alhali Wada ya tsinke igiyar shanya a gaban shaidu ya ce an gama shanya a gidansa. Ta bar uwargida Safara'u, wadda in ta gifta ƙofar sai ta tambaya ko gugguru ya nuna. Ta bar Bature, wanda ba a gaya wa ba, kuma kada wani ya gaya masa.

Game da jana'iza: makaniken Ƙafin Maiyaki ya duba gawar ya ce shi babur ya sani, a kawo zarto a fitar da ita gunduwa-gunduwa. Wada ya ƙi, kyautar ƙane ba a daddatsa ta. Ladan magini ya ce bangon nan shi ke ɗauke da azara, wanda ya taɓa shi da damina rufin zai sauko masa a ka. Saboda haka an ɗage sutura sai ruwa ya ɗauke, bayan girbi. Kafin nan Wada zai ci gaba da kwana da gawa a gefen dama, mai rai a gefen hagu.

Ana karɓar ta'aziyya a ɗakin, mutum ɗaya ɗaya, a tsaye, don babu wurin zama. Wanda zai zo ranar fitarwa ya zo da diga. Mai shawara ya bar ta a gida.

Allah ya ba mu haƙuri.